Saƙon da Ya Tsaya a Wurina

Wata oda da ta ɓace ce ta kawo Injiniya shagona. Kayan famfo nake sayarwa: bututu, kan famfo, tankuna, injin jan ruwa. Wani kamfanin gine-gine ya rantse ya turo mana saƙo yana neman kaya, mai kula da sito ya rantse bai ga komai ba, ni kuma ina tsakiya ban san wanda zan gaskata ba. Injiniya ne ya haɗa mana imel ɗin shago tun farko, shi ne kuma ke kula da sabar, wato na'urar da duk saƙonninmu ke bi ta cikinta kafin su isa akwatin kowa. Ya ce maganin abin ba wuya.

"Alhaji, sai mu sa sabar ta riƙa yin kwafi. Duk saƙon da ya shigo, duk wanda ya fita, ɗaya zai faɗo wurinka. Gobe in wani ya ce bai gani ba, sai ka buɗe ka nuna masa."

Alhaji yake ce min, alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Na gaji da gyara masa.

Ya zauna a kujerata, ya ture samfurin bututun da ke kan tebur, ya buɗe wani shafi a kwamfuta. Na tsaya a bayansa. Sunayen akwatunan suka fito a jere: na sito, na ciniki, nawa, sai na ƙarshe, na 'yata.

Mamana nake ce mata, don sunan mahaifiyata gare ta. Ta gama karatun aikin gwaje-gwajen asibiti, irin masu duba jini ɗin nan, tana gida tana neman aiki. Ni da kaina na sa aka buɗe mata wannan akwatin, domin tsohon adireshinta wani suna ne na wasa da ta zaɓa tun tana sakandare, ta ce duk wanda ya gani dariya zai yi kafin ya karanta takardunta. Sabon ba ta yin komai da shi sai neman aiki.

Abin da ke cina shi ne 'yar maƙwabcinmu. Ita ma saƙo aka turo mata, da tambarin kamfani da komai, aka ce ta zo intabiyu a wani otal. Ta je. Abin da ya faru a can ba wanda ya faɗa, amma tun da ta dawo ba ta sake fitowa ko ƙofar gida ba, ubanta kuma ya daina zama da mu bayan sallah. Tun daga nan, duk sanda wayar Mamana ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Na nuna sunanta da yatsa. "Ka haɗa da wannan."

Injiniya ya waiwayo. "Wannan ai ba na shago ba ne."

"A sabar shago yake."

"Ta sani?"

"Ni na haife ta."

"Ban musa ba, Alhaji. Amma ni dai sai ta tsaya a nan ta ce min in yi." Ya yi dariya don ya rage nauyin maganar. "Sau ɗaya madam ta kama ni ina leƙen wayarta, har yau shayina ba ya ganin sukari."

Ban yi dariya ba. Na zuba wa hannunsa ido kawai yana aiki a kan akwatunan shago. Ya danna nan, ya rubuta adireshina, ya danna can, ya sake rubutawa. Da ya gama ya sa mai sito ya turo saƙon gwaji, ya faɗo wurina. Ya karɓi ruwan sanyi ya tafi.

Kalmar sirrin shafin tana wurina, shi ya ba ni tun ranar da ya haɗa. Bayan la'asar, mai sito yana waje yana loda wa wani tanki, na ja ƙofar ofis. Turancina na rasit ne da sunan kaya, amma idona ya riƙe inda ya danna. A akwatin Mamana na yi na saƙon fita, na yi na saƙon shiga. Akwai wani ɗan gurbi a ƙasa, da ƙananan rubutu a gefensa. Ban tuna na ga ya taɓa shi ba, don haka ni ma ban taɓa ba. Na rufe, na share zufa, na ce wa kaina kariya ce.

Washegari saƙon farko ya faɗo a wani ɗan sashe da na ware. Takardar neman aiki ce ta tura wa babban asibiti. Na karanta a hankali, ina bin kalmomin da yatsa. A wani wuri ta rubuta cewa ta koyi kula da kaya da tsafta ne a shagon mahaifinta, inda take jera ƙananan kayan famfo tun tana yarinya. Na ji kamar an kama ni ina leƙa ɗakinta ta ramin makulli. Na rufe. Na yi wa kaina alkawari ba zan sake buɗe sashen ba sai in na ga alamar wani abu. Kullum ina ganin lambar da ke gefensa tana ƙaruwa, ina kawar da kai. A haka nake jin kamar laifina ya ragu: ina da makulli, amma ba na shiga.

A gida kuwa, Mamana ta mayar da duba waya sana'a. Tana wanke-wanke ta goge hannu ta duba. Tana guga ta duba.

"Za ki huda wayar nan da ido," in ji mahaifiyarta.

"Ko 'mun karɓa' ba su turo ba, Umma. Sai ka ce a rijiya nake jefawa."

"Haka suke, Mamana," na ce. "Manyan wurare ba sa gaggawa."

Ta kalle ni tana murmushi. "Baba ya zama masanin manyan wurare."

"Ke dai ki ci abinci."

Aka yi makonni a haka. Wata safiya ina sa takalmi zan fita, na ji ta tana waya a tsakar gida da ƙawarta da suka yi karatu tare. Muryarta ta fara da dariya, sai ta yi ƙasa.

"Jiya? Aka yi jiya? Ke kaɗai ko har da su? A'a, wallahi ban samu ba. To Allah ya sa a dace. A'a, haba, na ji daɗi mana."

Ta kashe, ta tsaya riƙe da wayar. Asibitin sun kira mutane intabiyu, an yi an gama. Waɗanda ta fi su sakamako duk an kira su. Ta yi ta maza, ta ce wa uwarta ba rabonta ba ne, ta shige ɗaki. Ni kuwa igiyar takalmina ta ƙi ɗauruwa.

Ban tsaya gaisawa da kowa a shago ba. Na buɗe sashen. Ga su nan reras: mun karɓi takardunki, mun karɓi takardunki, sai ɗaya mai tambarin asibitin. Na danna. Ko da turancina na gane: suna gayyatarta, ga rana, ga lokaci, ga ɗakin da za ta je. Ranar ta wuce.

Na kira Injiniya. Ya ce yana wani aiki. Na ce ya bar shi.

Da ya zo ya buɗe shafin, bai daɗe ba ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur.

"Wa ya yi wannan?"

Na kawar da kai.

"Alhaji." Ya sa bakin biro a kan ɗan gurbin nan na ƙasa. "Ka ga wannan? Shi ke ce wa sabar ta bar wa mai akwati nasa. In ba ka danna shi ba, ba kwafi ka yi ba, karkatarwa ka yi. Na fita dai daidai ne, suna zuwa inda ta tura. Amma duk abin da aka turo mata, wurinka yake zuwa ya tsaya. Ita ko ƙura ba ta gani."

"Ban ga ka danna shi ba."

"Na danna. Hannuna ne ya fi idonka sauri."

Ya goge abin da na yi gaba ɗaya, na shiga da na fita, bai ko tambaye ni ba. Sannan ya jingina yana kallona.

"Za a iya mayar mata da saƙon?" na tambaya.

"Za a iya."

"Ba tare da sunana ya fito ba?"

"Zai zauna a akwatinta da tsohuwar ranarsa, kamar can yake tun farko."

"To mayar da shi. Shi kaɗai."

"Zan mayar, don nata ne. Amma ka ji ni da kyau: in ta kira ni ta tambaya, ba zan yi mata ƙarya ba."

A tunanina za ta gani ta ce matsalar waya ce, ta zagi kamfanin sadarwa, shi ke nan. Abin da ban lissafa ba shi ne na riga na buɗe saƙon. Ya koma akwatinta ba tare da alamar sabon saƙo ba.

Da na dawo gida da yamma, na same ta zaune a bakin ƙofar kicin, mahaifiyarta na tsaye a kanta. Idanunta sun kumbura. Ta miƙo min wayar.

"Sun turo, Baba. Tun tuni. Ga shi nan, a buɗe. Ni na buɗe shi ke nan na wuce."

"Ƙila wayar ce..."

"Waya ba ta buɗe saƙo da kanta." Ta dafe goshi. "Sau nawa nake dubawa a rana? Wace irin mutum ce ni? Ina so a ba ni jinin mutane in duba, saƙo ɗaya na kasa gani."

"Kul," in ji uwarta. "Kada in sake jin wannan."

"Gaskiya ce, Umma. Da ni ce su, ba zan ɗauke ni ba."

Na tsaya da jakata a hannu kamar baƙo. Maganar tana bakina, na ji ta a kan harshe. Abin da ya fito shi ne, "Ki yi haƙuri, kowa yana kuskure." Ta ce, "Na gode, Baba." Aka kawo abinci, na juya cokali na tashi.

Mahaifiyarta ba mai barin abu ba ce. Washegari ta tsare ta sai da ta kira asibitin. Aka ce mata akwai zama na biyu da za a yi wa waɗanda suka kasa zuwa da dalili, masu rashin lafiya da makamantansu. Wanda ya ce saƙo bai iso masa ba, ya kawo shaida. Wanda kuma ya gani ya manta, sai wata shekara.

"Ki ce bai iso ba mana," in ji uwarta.

"Ya iso, Umma. Ba zan fara aiki da ƙarya ba."

Uwar ta juyo kaina. "Malam, kai ba ka da ta cewa? Ka tsaya kamar an dasa ka. Wannan Injiniyan naka ba zai iya duba komai ba?"

Na ce zan tambaye shi.

Na same shi a ɗan ofishinsa, cikin tarin wayoyi da matattun kwamfutoci. Ya ce sabar tana rubuta hanyar da kowane saƙo ya bi, daga ina ya zo, ina aka kai shi, yaushe. Ya buga min shafin, ya ja layi da jan biro a wuri biyu, ya sa hannu da hatiminsa.

"Wannan layin ya nuna bai shiga akwatinta ba sai bayan an gama intabiyun. Wannan kuma ya nuna inda ya je."

Adireshina ne, ɓaro-ɓaro.

"Ba za a iya rufe na biyun ba?"

"In na rufe, takarda ce kawai mai cewa saƙo ya yi tafiya ya dawo. Wa zai yarda?" Ya miƙo min. "Ɗaya ba ya tafiya sai da ɗaya, Alhaji."

Na ce wa Mamana ta shirya, akwai takarda daga Injiniya, ni zan kai ta. A mota ta so ta gani, na ce tana cikin jaka a baya. Na yi niyyar yin maganar a hanya. A danja ta farko na buɗe baki, sai ta ce, "Ka bar shago saboda shirmena." A ta biyu wani mai babur ya gifta, na huce a kansa da zagin da ban saba ba, har ta kalle ni.

Aka ce mu jira a wani dogon benci a gaban ofishin ɗaukar ma'aikata. Wurin yana warin maganin goge ƙasa. Ana ta wucewa da marasa lafiya a keke. Na ciro takardar, na ɗora mata a cinya.

"Karanta kafin mu shiga."

Ta fi ni karatu nesa ba kusa ba. Na ga idonta ya sauka a layin farko, fuskarta ta washe. "Bai shigo ba! Baba, ashe bai..." Sai ya sauka a na biyu. Ta karanta, ta sake karantawa. Ta ɗago.

"Wannan ai naka ne."

"Nawa ne."

"Kuskuren Injiniya ne?"

Ƙofa ce ta buɗe min, da na bi ta da ta yarda. "A'a. Ya ƙi yi. Ni na yi da hannuna bayan ya tafi. Na so in riƙa ganin masu turo miki saƙo, saboda abin da ya sami yarinyar maƙwabta. Ban iya ba, sai na tare su duka."

"Kai ka buɗe shi."

"Ni ne."

"Ranar da nake kuka a ƙofar kicin, ka sani."

"Na sani."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na fi samun sauƙi. Ta kalli bangon da ke gabanmu, inda aka manna hoton yadda ake wanke hannu. Sannan ta ninke takardar biyu, ta sake ninkewa, ta tura cikin jakarta.

"Mu tafi gida."

"Mamana."

"Ba zan shiga in nuna wa baƙuwa wannan ba. In ce mata me? Ubana ne?" Ta miƙe tsaye. "Wata shekarar ma shekara ce."

Ni na tare mata hanya, ita kuma tana neman rufa min asiri. Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na wannan lokacin ba. Ƙofar ofishin ta buɗe, aka kira sunanta. Na miƙa hannu.

"Ba ni takardar."

"Baba, bari."

"Ba ni. Ba ke za ki faɗa ba."

Jami'ar da ke ofishin mace ce mai tabarau, ta kusa sa'ata. Ta nuna mana kujeru, ni ban zauna ba. Na warware takardar na shimfiɗa a gabanta, na yi bayani da bakina tun daga farko, ban rage komai ba. Na ce yarinyar nan kullum tana duba akwatinta, ba ta yi sakaci ba, ba ta kuma san komai ba sai yanzu a kan bencin waje. Matar ta bi jan layin da yatsa, ta dube ni ta saman tabarau.

"Kai ne mai wannan adireshin?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Shekararta nawa?"

Na faɗa.

"Ta isa a ba ta amanar jinin mutane, amma ba ta isa ta karanta saƙonta ita kaɗai ba?"

Ta juya wurin Mamana, ta yi mata tambayoyi kan karatunta, Mamana tana amsawa a hankali, idonta a ƙasa. Daga ƙarshe matar ta ce ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, amma za ta sa sunanta cikin na zama na biyu ta haɗa da takardar, in an amince za a turo mata rana.

"Ta wane adireshi?" ta tambaya, biro a hannu. "Wannan dai?"

"An gyara shi," na yi saurin cewa. "An cire komai, wallahi."

Ba wadda ta kalle ni. Mamana ta ciro wayarta, ta ce a ba ta minti kaɗan. Fanka tana juyawa, Mamana tana ta danne-danne har ta buɗe sabon akwati a wani wurin da ba ruwansa da shagona. Matar ta tura mata 'yar takarda. Mamana ta sunkuya za ta rubuta, sai ta sa tafin hannunta na hagu ta kare, yadda ɗalibai ke yi a jarrabawa.

Na juya na fuskanci ƙofa har ta gama.

A mota ta zauna a baya. Muna kan hanya ta tambaya:

"Umma fa?"

"Ni zan faɗa mata."

"Yau."

"Yau," na ce.